Manhaja ta ce filasma za ta wargaje, amma me ya sa? Tambayoyi da amsoshi daga zaman Jidda

Ranar Alhamis da yamma, in aiki ya sassauta, nakan baro Thuwal in gangaro Jidda gidan Kawu. Bayan isha'i ake shimfiɗa darduma a falo, a kawo shayi da dabino, mutane su yi ta sallama: dattawan da aka haifa a nan, waɗanda kakanninsu suka tako a ƙafa daga ƙasar Hausa suka ratsa Sudan don sauke farali, da ɗaliban da suka zo jiya-jiya, da 'yan kasuwar da ke aika kaya Kano. Tun da aka ji cewa karatuna ya shafi koya wa kwamfuta hango matsalar da ake kira wargajewa a cikin injin da ake so ya kwaikwayi rana, tambayoyi ba su yanke ba. Wasu na amsa nan take, wasu sai da na koma na kwana a kansu. Su ne na tattara a nan.

Wane irin inji ne wannan da ake ce wa ƙaramar rana?

Tashar nukiliya da aka saba ji tana fasa ƙwayar zarra mai nauyi ne, irin ta yuraniyom. Nan kuwa akasin haka ake nema, wato a haɗe ƙwayoyi marasa nauyi kamar yadda ke faruwa a cikin rana. Ana ɗaukar nau'i biyu na haidurojin, diyuteriyom da tiritiyom, a zafafa su har su manne su zama hiliyom, su saki makamashi. Diyuteriyom ba ya wuya. Kowace mita-kubik ta ruwan teku, har da wannan Bahar Maliya da muke gani kullum, tana ɗauke da kusan giram 33 nasa.

Zafi ne aikin. Zafin cibiyar rana digiri miliyan 15 ne, amma mu da ba mu da nauyin rana da zai matse mana, sai mun kai wajen miliyan 150. A irin wannan zafi iska ta tashi daga iska ta zama filasma: ƙwayoyin zarra sun rabu da elektironinsu, kowa na yawo ɗauke da caji. Babu tukunyar da za ta riƙe wannan, don haka ake riƙe ta da maganaɗisu a cikin ɗaki mai siffar gammo, tana zagaye ba ta taɓa bango. Sunan injin tokamak, dabarar masanan Rasha Igor Tamm da Andrei Sakharov tun shekarun 1950. Mafi girma da ake ginawa shi ne ITER a Cadarache, kudancin Faransa, haɗin gwiwar Tarayyar Turai da Amurka da Rasha da Sin da Indiya da Japan da Koriya ta Kudu. An tsara a dumama filasmarsa da megawat 50 ta ba da 500. Jadawalin da aka sabunta a 2024 ya sa fara bincike a 2034, aiki da tiritiyom kuma a 2039.

To mece ce wannan wargajewar da kake ta ambata? Fashewa ce irin ta bam?

Hajiya ce ta yi wannan tambaya daga bakin ƙofa, hannunta riƙe da butar shayi. Na ce mata: "Hajiya, ki kwantar da hankalinki, ba gari take ci ba, injin take ci." Man da ke cikin ɗakin a kowane lokaci bai wuce 'yan giram ba, kuma da zarar zafi ya sauka haɗewar ta tsaya da kanta.

Ga yadda abin yake. Tokamak ba ya dogara da maganaɗisun waje kaɗai. Dole a tura wutar lantarki mai yawa ta cikin filasmar kanta, a ITER ampiya miliyan 15, ita ce ke murɗa layukan maganaɗisu su zama kamar tufkar igiya. In wani abu ya ɓata tufkar, sai komai ya warware lokaci guda. Zafin ya zube a bango cikin 'yan milisakan kaɗan, milisakan kuwa kashi ɗaya ne cikin 1,000 na daƙiƙa. Wutar ta biyo baya ta mutu, ta bar wani ƙarfi da ke jijjiga ƙarfen ɗakin. Wani lokaci kuma elektironi su kufce da gudun da ya kusa na haske, su taru su daki wuri ɗaya su narkar da shi.

Filasmar ITER za ta riƙe zafin da ya kai megajul 350. In aka juya shi zuwa lissafin gida, wutar da na'urar sanyaya ɗaki mai cin kilowat 2 za ta sha ke nan a kwana 2 ba hutawa, a nan Jidda cikin watan Agusta. Duk wannan zai iya sauka a bango kafin ido ya fara ƙiftawa. An tanadar wa ITER maganin gaggawa: a harba daskararrun ƙwallayen haidurojin da niyon, a farfasa su a bakin shiga, su bazu cikin filasma su mayar da zafin haske da zai watsu ko'ina maimakon ya ƙone wuri ɗaya. Amma maganin na buƙatar gargaɗi, aƙalla milisakan 30 kafin abin ya auku. Jirgin ƙasan Haramain a gudun kilomita 300 cikin awa, mita biyu da rabi kawai yake ci a wannan ɗan lokaci.

Masana ba su da lissafin abin ne, sai an kira kwamfuta ta yi hasashe?

Suna da shi, kuma mai kyau. Tun 1984 Troyon da abokan aikinsa a Lausanne suka nuna iyakar matsin da filasma ke iya ɗauka. A 1988 Martin Greenwald na jami'ar MIT ta Amurka ya fitar da iyakar cunkoso: a raba ƙarfin wutar filasma da faɗin bakinta, in cunkoson ƙwayoyi ya haura wannan adadi, a shirya wa matsala. Sai dai wargajewa ba ta cika zuwa ta ƙofa ɗaya ba, sarƙa ce. A 2011 Peter de Vries da abokansa sun bi diddigin wargajewa 2,309 da aka yi a JET, babban tokamak na Culham a Ingila, ɗaya bayan ɗaya, suna neman tushen kowace. Na farko a jerin wata yagewa ce a layukan maganaɗisu da ke girma har ta tsaya cak. Na biyu, kuma ba nisa tsakaninsu, kuskuren ɗan Adam. Akwai kuma lalacewar kayan aiki, ƙurar bango, bawul da ya ƙi rufewa. Babu lissafi guda da ya haɗa duk waɗannan, kuma cikakken lissafin motsin filasma kan ɗauki manyan kwamfutoci awoyi ko kwanaki, alhali milisakan ake magana.

Abin da ake da shi a yalwace shi ne tarihi. Kowane kunnawa na injin, wanda masu aikin ke ce wa harbi, ana adana awonsa daga ɗaruruwan ma'aunai. Sai aka ce a ba manhaja dubban harbe-harbe, a nuna mata waɗanda suka ƙare lafiya da waɗanda suka wargaje, ta koyi kamannin haɗari da kanta. JET ta yi amfani da irin wannan manhaja mai suna APODIS. A 2019 kuma Julian Kates-Harbeck da Alexey Svyatkovskiy da William Tang suka wallafa aikinsu a mujallar Nature, inda ragar jijiyoyi ta kwamfuta, wato manhaja mai kwaikwayon tsarin ƙwaƙwalwa, da aka horar da bayanan tokamak ɗin DIII-D na San Diego ta iya hango wargajewa a JET, injin da ya fi shi girma nesa ba kusa ba.

In manhajar tana faɗin gaskiya, ina ruwanka da dalilinta?

Wannan ta Kawu ce, kuma ita ce uwar tambayoyin. Kawu ya fi shekara 30 yana gyaran mota a garin nan. Ya ajiye kofinsa ya ce: "Ɗana, in fitila ta kama kuma ba ƙarya take ba, ka kashe injin mana. Meye na neman dalili?"

Na ce: "Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya, in mai mota ya zo ya ce jar fitila ta kama, kakan ce masa ya ajiye motar ya tafi a ƙasa?"

Ya yi murmushi, don ya gane inda na dosa. Tun ina zuwa garejinsa hutu nake ganin yadda yake yi. Zai ce a bar injin a kunne, ya ɗora bakin dogon sukundireba a jikinsa, ya manna mariƙin a kunnensa, ya lumshe ido. Can sai ya matsa da shi gaba kaɗan, ya sake saurare. Sannan ya ɗago ya ce famfon ruwa ne, ko ya ce bel ne ya saki. Fitilar da ke gaban direba ta riga shi sanin akwai matsala, amma ba don ita ake layi a garejinsa ba.

Haka tokamak yake. Harba ƙwallayen nan na gaggawa daidai yake da kashe mota a tsakiyar titi: an tsira, amma tafiya ta ƙare, kuma shi kansa maganin yana gajiyar da injin. Abin da ake so a tashar da za ta ba gari wuta shi ne a kauce tun da nisa, kaucewa kuwa ta dogara ga sanin ciwon. In cunkoso ne ya yi yawa, a rage iskar da ake turawa ko a ƙara dumama. In yagewar maganaɗisu ce ta buɗe wani tsibiri a cikin filasma, a auna shi da igiyar maikurowef a cike gurbin wutar da ya rasa kafin ya daina juyawa, domin in ya tsaya cak, saura ƙiris. In ƙurar ƙarfen tangistan daga bango ce ta taru a tsakiya tana shanye zafi, to tsakiyar za a dumama don a kore ta. Maganin wannan na iya zama gubar wancan. Manhajar da iyakacinta ta ce haɗari ya kai kashi 90 cikin 100, ta yi shiru, ta bar ka da zaɓi ɗaya tak: kashewa.

Akwai dalili na biyu da ya fi damuna. Ƙananan injuna na iya wargajewa sau dubbai a share a ci gaba, shi ya sa suke da tarihin koyarwa. ITER ba shi da wannan gata. A cikakken ƙarfinsa, 'yan wargajewa kaɗan marasa magani sun isa su tsayar da aiki na dogon lokaci. Ke nan dole a ɗauko manhajar da ta yi karatu a ƙananan injuna a ɗora ta kan wanda ba ta taɓa gani ba. Ta yaya za a san karatun nata zai bi ta can? Sai an ga abin da ta dogara da shi. In ta dogara da abin da ke dokar filasma ce a ko'ina, kamar kusancin cunkoso da iyakarsa, akwai fata. In kuwa ta dogara da wata ɗabi'a ta injin da ta taso a cikinsa, ko al'adar ma'aikatan wurin, to ranar da aka canza mata gida ta zama makauniya, kuma ba za ta faɗa maka ba. Ɗora ta a kan inji na biliyoyin kuɗi ba tare da an leƙa cikinta ba, cinikin biri a sama ne.

Manhaja na iya cin jarrabawa da dalilin banza?

Ƙwarai, kuma na gani da idona. Da na fara koyo, na horar da wata 'yar manhaja da bayanan harbe-harben da aka buɗe wa kowa. Sakamakon ya yi kyau har na fara shirin nuna wa malamina. Da dare na ce bari in duba wane awo ta fi jingina da shi. Sai na tarar na bar mata agogo a cikin bayanan, wato daƙiƙa nawa suka wuce tun fara harbin. Ita kuwa ta lura cewa a tarin da na ba ta, matsala ta fi zuwa wajen ƙarshe, sai ta koma kallon agogo ta ƙyale filasma. Na cire agogon, makin ya sauko, amma daga ranar ta fara kallon abin da ya kamata. Da ban duba ba, da na kai wa mutane mai gadin da ke busa usur don lokaci ya yi, ba don ya ga ɓarawo ba.

Wani tarkon shi ne ihu bayan hari. Awon tsibirin da ya riga ya tsaya cak alama ce mai ƙarfi, kowace manhaja na son ta. Amma sau da yawa lokacin da ta bayyana, damar kaucewa ta wuce. Manhajar da ta rataya a kanta za ta ci maki mai yawa a takarda, a ɗakin sarrafa inji kuwa amfaninta kaɗan ne.

Ta wace hanya ake sa ta faɗi dalilinta?

Hanya mafi sauƙin fahimta ita ce wadda Cristina Rea ta MIT da abokan aikinta suka bi a DIII-D. Manhajarsu, DPRF, taron bishiyoyin tambaya ce. Kowace bishiya na tambaya bi da bi: cunkoso ya haura kaza? hasken da filasma ke zubarwa ya kai kaza? wutar ta kauce wa abin da aka umarta? A ƙarshe kowace ta jefa ƙuri'a, a haɗa. Da yake ana iya bin sawun kowace tambaya, ana iya cewa a wannan milisakan ɗin haɗari ya tashi, kuma kaso mafi tsoka daga awon kaza ya fito. An gudanar da ita kai tsaye a cikin na'urar sarrafa injin a harbi sama da 900. Abin da ya burge ni a rahotonsu na 2019 shi ne ba su ɓoye ba: tana ba da gargaɗin ɗaruruwan milisakan, amma tana yawan ƙararrawar ƙarya, kuma ba ta kai mizanin ITER ba. Daga baya an kai irinta tokamak ɗin EAST da ke Hefei a Sin.

Ga manhajojin da ba a iya bin sawunsu haka, akwai dabarar SHAP da Scott Lundberg da Su-In Lee suka fitar a 2017, bisa lissafin Lloyd Shapley na 1953. Alhajin da ke aika kaya Kano ya riga kowa ganewa, don lissafin rabon riba ne. Mutum uku sun haɗa kwantena: ɗaya da jari, ɗaya da sanin dillalai, ɗaya da shago a Kantin Kwari. Nawa ne haƙƙin kowa? Shapley ya ce a duba kowane irin jeri da za su iya shigowa cinikin, a auna abin da shigowar kowa ta ƙara, a ɗauki matsakaici. A mayar da 'yan kasuwa su zama ma'aunai, riba ta zama hasashen haɗari, an samu SHAP. Masu tokamak na J-TEXT a Wuhan sun yi amfani da ita a kan manhajar hasashensu.

Akwai kuma masu zana taswira: a matse awo masu yawa su koma shafi ɗaya, yankin lafiya da launinsa, yankin haɗari da nasa, a ga harbin yana tafiya a kai kamar ɗigo. Alessandro Pau da masanan Jami'ar Cagliari sun yi wa JET irin wannan. Steven Sabbagh na Jami'ar Columbia kuwa ta wata fuska ya ɓullo da tsarin bincike mai suna DECAF, wanda ke jero abubuwan da suka faru ɗaya bayan ɗaya, daga na farko har zuwa wargajewa, kowane da ma'anarsa a ilimin filasma.

Shi bayanin da kansa, wa ya tantance shi?

Wani malami da ke karatun hadisi a Madina ne ya jefo wannan, kuma sai da falon ya yi tsit. Ya ce: "Ɗan'uwa, mu a wurinmu ba a karɓar magana don ta yi daɗin ji. Sai an san wanda ya faɗa, daga wa ya ji, kuma yaya riƙonsa yake. Kai ka kawo manhaja ta biyu ta yi wa ta farko shaida. Ita ta biyun fa?"

Na ce: "Malam, Allah ya gafarta, ka taɓa inda ke yi mana ciwo."

Abu na farko da ya kamata kowa ya riƙe: bayanin SHAP shaida ce a kan manhaja, ba a kan filasma ba. In ya ce cunkoso ne ya ɗaga hasashe, ma'anarsa manhajar ta kalli cunkoso. Bai ce cunkoso ne ya wargaza filasmar ba. Na sha ganin an tsallake wannan rami a rubuce-rubuce, a nuna zane mai kyau a ce an gano sanadi, alhali an gano inda idon manhaja yake ne kawai.

Sannan ma'aunan tokamak ba baƙin juna ba ne. In gefen filasma ya huce, hasken da take zubarwa na ƙaruwa, wutar na tsukewa zuwa tsakiya, yagewa na samun ƙofa, duk kusan tare. Dabarun rabon laifi na iya ɗora wa wanda ke tafe da mai laifi kaso, a kan ƙa'idar abokin ɓarawo ɓarawo ne, wadda babu alƙalin kirki da zai yanke hukunci da ita. Wani lokaci kuma, garin auna tasirin awo ɗaya, dabarar kan ƙirƙiro haɗin da ba ya yiwuwa a duniya, kamar filasma mai tsananin cunkoso da 'yar wuta kaɗan, ta tambayi manhaja ra'ayinta a kai. Amsar da aka samu daga tambayar da ba ta da asali ba abin dogaro ba ce.

Har hotunan da ke haska wurin da ragar jijiyoyi ta kalla ba su tsira ba. A 2018 Julius Adebayo da abokansa sun yi gwaji mai sauƙi: suka hargitsa abin da ragar ta koya, ta koma ba ta san komai ba, suka sake neman bayani. Wasu sanannun dabaru suka fito da hoto kusan iri ɗaya da na farko. Bayanin da bai canza ba bayan an shafe karatun, ai ba karatun yake bayyanawa ba.

To yaya ake tantancewa? A nan masu filasma sun fi masu fannoni da yawa sa'a, don suna da inji a hannu. In bayani ya ce cunkoso ne, a sake harbin a rage iska, a ga ko haɗarin ya kau. A ɗauko harbe-harben da ƙwararru suka riga suka bi sarƙarsu da hannu, irin aikin de Vries, a ga ko bayanin manhaja ya yi daidai da nasu. A cire awon da ta ce shi ne jigo a sake horarwa, a ga ko da gaske ta rame. A gwada dabara biyu ko uku, in sun saɓa wa juna a tsaya a bincika. Malam ya gyaɗa kai ya ce wannan ya yi kama da neman hanyoyi daban-daban da ke ƙarfafar juna. Na ce ban isa in haɗa aikinmu da nasu ba, amma tarbiyyar ƙin karɓar magana ba bincike, a wurinsu muka gaje ta.

Wa zai karanta bayani cikin milisakan 30?

Ba mutum ba. Ƙiftawar ido ma ta fi milisakan 100. A lokacin harbi, na'urar sarrafa injin ce ke karɓar bayanin ta zaɓi matakin da ya dace da ciwon. Mutane na karantawa tsakanin harbi da harbi, sa'ad da shugaban zaman ke da 'yan mintoci ya yanke shawarar abin da zai gyara, da kuma bayan watanni, sa'ad da ake tambayar ko a amince wa manhajar ta riƙe inji mafi girma.

Me zai hana a yi manhaja mai sauƙi tun farko, a huta?

Akwai masu wannan ra'ayi, kuma ina karkata gare su. Cynthia Rudin ta Jami'ar Duke ta yi rubutu a 2019 tana jan hankali cewa a duk inda kuskure ke da tsada, gara a gina abin da ake gani har hanjinsa da a gina rufaffe sannan a nemo mai fassara. A ganina aikin koyon na'ura mafi daraja a wannan fanni shi ne wanda ke ƙarewa da ɗan gajeren lissafi da masani zai rubuta a allo ya yi gardama da shi. Misali, Andrew Maris da abokansa a MIT sun tattara bayanan injuna da dama, suka nuna cewa yawan karon da ƙwayoyi ke yi da juna a gefen filasma ya fi tsohuwar iyakar Greenwald hango wargajewar cunkoso. Ita iyakar dama an san ba katanga ba ce: a 2024 DIII-D ya riƙe filasma mai kyau da cunkoson da ya haura ta da kusan kashi 20 cikin 100.

Amma ban ce a yar da manyan ragogi ba. A 2022 kamfanin DeepMind da masanan Lausanne sun bar raga ta juya maganaɗisu 19 na tokamak ɗin TCV, tana yanke shawara sau 10,000 a daƙiƙa. A 2024 Jaemin Seo da Egemen Kolemen da abokansu sun nuna a DIII-D cewa manhaja na iya hango yagewa ta kauce mata tun ba ta buɗe ba. Waɗannan nasarori ne na gaske. Sai dai duk sa'ad da manhaja ta tashi daga mai ba da shawara ta zama mai riƙe da sitiyari, haƙƙinmu na tambayarta dalili ƙaruwa yake yi.

An ce ana son manhajar ta ci kashi 95 cikin 100. Wannan ba ya isa hujja?

Sai an tambaya: 95 na me? A ɗauka cikin harbi 100, biyar ne ke wargajewa. Manhajar da kullum amsarta "lafiya lau" ta ci 95, kuma ba ta kama ko ɗaya ba. Abin da ITER ke nema shi ne a kama fiye da 95 cikin kowace wargajewa 100, a kan lokaci, ba tare da yawan tayar da hankali a banza ba. Kuma makin jiya ba ya lamunce gobe. A 2011 JET ta cire bangon kabon ta sa na beriliyom da tangistan, sai yanayin wargajewarta ya sauya. ITER ma ya sauya shawara, bangonsa zai zama tangistan.

Akwai wadda ba a iya hangowa sam?

Akwai. In ɓallin ƙarfe ya ɓantare daga bango ya faɗa cikin filasma, babu doguwar alama. Tokamak ɗin Alcator C-Mod na MIT, da aka rufe a 2016, bangonsa molibdinom ne, kuma da aka gwada manhaja iri ɗaya a kansa da DIII-D da EAST, shi ya fi ba da wuya saboda wargajewarsa na zuwa ba sallama. Manhajar kirki ya kamata ta iya cewa wannan yanayin ban taɓa ganin irinsa ba, maimakon ta ba da lamba da ƙarfin hali.

Mu da ke Saudiyya, ina ruwanmu, kuma ta ina yaro zai fara?

Ƙanwata da ke shirin shiga jami'a ce ta rufe zaman da wannan. Saudiyya ba ta cikin ƙasashen ITER. Amma ƙasar da ke shan ruwan teku da aka tace a Shu'aiba da Jubail da Ras al-Khair, take kuma kwana da na'urar sanyi a kunne rabin shekara, ba za ta ce makomar wuta ba ta dame ta ba. Tambayar bayani kuwa ta riga ta iso: hukumar bayanai da ƙirƙirarriyar basira ta ƙasar, SDAIA, ta sa bayyana dalili cikin ƙa'idojin ɗa'a da ta fitar a 2023. Wanda ya iya tuhumar manhajar tokamak zai iya tuhumar ta asibiti da ta banki da ta matatar ruwa.

Na ce mata: "Ƙanwata, ba sai kina da tokamak a bayan gida ba." Hukumar makamashin nukiliya ta Birtaniya ta buɗe bayanan injinta MAST ga kowa a intanet, MIT kuma ta saki DisruptionPy, manhajar da suke tsamo awon wargajewa da ita. Jami'ar Sarki Abdul'aziz a nan Jidda na da sashen injiniyan nukiliya, jami'ar KAUST a Thuwal na da babbar kwamfutar Shaheen. Amma farawa, kwamfutar cinya ta isa. Ki riƙe lissafi da kimiyyar lantarki da maganaɗisu da kyau, ki koyi Python, yaren rubuta manhaja, ki sauko da harbi ɗaya tak ki zana wutarsa da cunkosonsa da haskensa a shafi guda, ki zauna da shi har ki iya ba da labarin abin da ya same shi da bakinki. Ta ce Alhamis mai zuwa za ta zo da kwamfutarta. Kawu ya ce a ajiye masa wuri kusa da allon, yana so ya ga yadda tsibirin nan ke rage gudu kafin ya tsaya.